Tiyatar kyamara ga yaron da aka haifa da ragowar mahaifa: yadda na ga aikin sashen tiyatar yara

Ɗana na uku yana da wata 14 lokacin da aka fara shigar da shi ɗakin tiyata, yana kuma da wata 18 lokacin da aka sake shigar da shi, duka biyun a sashen tiyatar yara na wani asibitin koyarwa a arewacin Najeriya. Ba zan ambaci sunan asibitin ba, ba kuma zan ambaci sunan yaron ba, domin wata rana zai girma ya iya karatu, kuma sirrin jikinsa nasa ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a daren da aka gaya mini abin da ke cikin cikinsa na nemi bayani da Hausa ban samu ko layi ɗaya ba, kuma na san akwai iyayen da za su tsinci kansu a irin wannan dare.

Mahaifiyarsa ce ta fara lura, wajen wanka, cewa jakar marainansa ta ɓangaren hagu wayam take, yayin da matsematsin dama yake kumbura idan ya yi kuka, ya saɓe idan ya yi barci. Manya a gida suka ce gwaiwa ce, ɗan marainan kuma zai sauko da kansa. A wannan magana akwai ƙamshin gaskiya, domin ɗan marainan da bai sauko ba a lokacin haihuwa yakan iya saukowa a cikin watanni shida na farko, amma bayan haka da wuya ya sauko, kuma likitocin tiyatar yara sun fi son a sauko da shi kafin yaro ya wuce wata 18. Mu mun ɓata watanni muna jira. Da muka je asibiti aka yi hoton ciki, mai hoton ya rubuta cewa akwai gwaiwa a dama, ɗan marainan hagu kuma bai gan shi ba. Babu wanda ya ga mahaifa a wannan hoto, kuma daga baya na fahimci cewa haka aka saba, domin ƙarama ce ƙwarai a jikin yaro ɗan wannan shekaru, kuma ba a neman abin da ba a yi zaton akwai shi ba.

Babban likitan ya ce za a yi amfani da tiyatar kyamara, wadda su suke kira lafaroskofi, a nemo ɗan marainan da ya ɓace, a kuma gyara gwaiwar a zama ɗaya. Yadda aikin yake shi ne, bayan an sa yaro barci, sai a yi ɗan huji a cibiya wanda faɗinsa bai wuce milimita 5 ba, a hura iskar kabon-dayoksaid domin fatar ciki ta ɗago daga kan hanji, a zura siririn bututu mai kyamara da fitila, sannan a ƙara huji biyu a gefen mara inda za a zura siraran kayan aiki. Likita yana kallon allo yana aiki, kuma abin da yake gani ya ninka girmansa na asali sau da yawa. Tun 1976 wani likitan Italiya mai suna Cortesi ya fara amfani da wannan hanya wajen neman ɗan marainan da hannu bai taɓo ba, kuma a yau ita ce hanyar da aka fi yarda da ita a wannan aiki.

An shiga da shi bai fi minti arba'in ba sai wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce, "Baban yaro, likita yana son ganinka." Duk uban da ya taɓa zama a bakin ɗakin tiyata ya san yadda gaba take faɗuwa da irin wannan kira. Likitan ya fito da rigar aikinsa, ya ja ni wani ɗan ɗaki, ya ce, "Malam, yaronka lafiya lau yake, yana barci. Amma mun ga abin da ba mu yi tsammani ba, kuma ba na son in yanke komai kafin mu tabbatar da abin da muke gani, kafin kuma ka fahimce shi." Ya nuna mini hoton da suka ɗauka daga allon. Tsakanin 'ya'yan marainan biyu akwai wata 'yar tsoka mai siffar mahaifa, da siraran hannaye biyu, kuma ɗan marainan hagu ya tsallako ɓangaren dama yana bakin ramin da gwaiwar take bi. Ya nemi izinina ya ɗauki ɗan ƙanƙanin nama daga kowane ɗan maraina domin gwaji, a ɗebi jini, a rufe hujin, a dakata.

Wannan dakatawar ita ce abin da na fi yaba wa wannan sashe a kansa, kuma a ganina ita ce babbar fa'idar tiyatar kyamara a irin wannan lalura. Mutane sukan yabi wannan tiyata saboda ƙanƙantar tabo da saurin warkewa, kuma gaskiya ne, amma wannan ƙaramin al'amari ne idan aka kwatanta da damar da take bai wa likita ya leƙa, ya gani, ya fita ba tare da ya ɓata komai ba. Da a ce an tsaga matsematsi ne kamar yadda aka saba yi wa gwaiwa, aka ci karo da mahaifa a cikin jakar gwaiwar, akwai yiwuwar wanda bai taɓa ganin irin wannan ba ya cire ta nan take a matsayin abin da bai kamata ya kasance a jikin namiji ba, ya haɗa da bututun maniyyi bai sani ba.

Ya kamata in bayyana lalurar kamar yadda aka bayyana mini, da kuma yadda na ƙara fahimtarta daga baya, domin rashin fahimtarta ya fi ita kanta cutar da iyali. Kowane ɗan tayi, namiji ko mace, a makonnin farko yana ɗauke da bututu iri biyu. Iri ɗaya shi ne yake zama bututun maniyyi da danginsa. Ɗayan kuma, wanda aka sa wa sunan Johannes Müller, masanin Jamus da ya bayyana shi a 1830, shi ne yake zama mahaifa da hannayenta da saman farji. Idan ɗan tayin namiji ne, daga wajen mako na bakwai 'ya'yan marainansa suna fitar da wani sinadari da likitoci suke taƙaita sunansa da AMH, wanda aikinsa shi ne ya narkar da wancan bututu na mata. Alfred Jost, wani masani Bafaranshe, shi ya gano a 1947, ta hanyar gwaji a kan 'yan tayin zomaye, cewa wannan sinadari dabam yake da sinadarin da yake gina siffar namiji. To idan ƙwayar gadon da take sarrafa AMH ta samu tangarɗa, wadda take kan kuromosom na 19 (kuromosom su ne zaruruwan da suke ɗauke da ƙwayoyin gado a jikin mutum), ko kuma ƙwayar gadon da take gina makarɓinsa, wato abin da yake karɓar saƙonsa a jikin bututun, wadda take kan kuromosom na 12, sai bututun matan ya ƙi narkewa, alhali sinadarin maza yana aikinsa daidai. Sakamakon shi ne a haifi namiji cikakke a zahiri, mai kuromosom irin na maza, amma a cikinsa akwai ragowar mahaifa. Likitoci suna taƙaita sunan lalurar da PMDS, kuma ba ta da yawa ko kaɗan, domin ɗaruruwa kaɗan ne aka rubuta labarinsu a duniya.

Da na koma gida na yi wa mahaifiyata bayani, tambayarta ta farko ita ce, "Ɗan nan, mata-maza ke nan aka haifa mana?" Na ce, "A'a Inna, namiji ne, ba shakka a ciki." Ba shi da ƙwan mace, al'aurarsa ta namiji ce ba tare da wani ruɗani ba, kuma idan Allah ya raya shi zai balaga kamar sauran maza, muryarsa ta buɗe, gemu ya fito. Na ga ya dace in faɗi wannan a fili saboda kalmar mata-maza tana da nauyi a wurinmu, tana bin yaro har makaranta, har neman aure, kuma a nan ba ma wurinta ba ne. Akwai kuma batun gado na jini. Ni da matata 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma wannan lalura tana bayyana ne idan yaro ya gaji ƙwayar da ta samu tangarɗa daga uwa da uba duka, ko da yake su iyayen ba su da wata alama. Likitan ya ce idan haka ne a wurinmu, to kowane ɗa namiji da za mu haifa yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu, 'ya'ya mata kuwa ba ta hana su komai. Bai zarge mu ba, bai yi mana wa'azi a kan auren zumunci ba, ya dai ce in kawo yayyensa maza biyu a duba su, aka duba, aka same su lafiya.

Sakamakon gwajin nama ya fito cikin mako biyu, ya tabbatar da cewa duka biyun 'ya'yan maraina ne. Gwajin kuromosom kuwa sai da aka aika jinin wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Legas, muka biya kuɗi masu nauyi daga aljihunmu, muka yi jiran sama da mako shida. Gwajin ƙwayar gadon kanta ba mu yi ba, domin an ce sai an aika ƙasar waje, kuma ba zai canza yadda za a yi aikin ba.

Kafin aiki na biyu likitan ya zaunar da ni da matata kusan awa guda, ya zana mana abin a takarda. Matsalar ita ce bututun maniyyi a irin waɗannan yara yakan bi ta gefen mahaifar, wani lokaci ma a nutse yake cikin bangonta, tare da 'yar jijiyar jinin da take raka shi. Idan aka ce sai an cire mahaifar gaba ɗaya, ana iya yanke bututun ko a kashe jijiyar. Idan kuma aka bar ta yadda take, takan riƙe 'ya'yan marainan kamar igiya ta hana su isa jaka, sannan an samu 'yan lokuta da ragowar ta jawo ciwo, ko fitsarin jini, ko ma ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Ya gaya mana gaskiya cewa likitoci ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba, wasu suna cirewa, wasu suna bari su riƙa bibiya. Shawararsa ita ce ya tsaga mahaifar gida biyu daga tsakiya, ya cire samanta da shimfiɗar da ke cikinta, ya bar siririn bango a kowane gefe tare da bututun maniyyi, ta yadda kowane ɗan maraina zai samu sakewa ya sauka. Ya kuma ce zai yi iya ƙoƙarinsa kada ya bi hanyar da Fowler da Stephens, likitocin Ostareliya, suka bayyana a 1959, wato yanke babbar jijiyar ɗan maraina domin a samu tsawo, saboda wannan hanya ta dogara ne da 'yar jijiyar da take raka bututun maniyyi, ita kuwa a nan tana cikin haɗari tun farko. Ni malamin makaranta ne, ba likita ba, amma na fita daga wannan ɗaki na san abin da zan sa wa hannu.

Aiki na biyu ya ɗauki kusan awa uku. An bi tsofaffin hujin nan uku, aka ƙara ƙananan tsaga biyu a jakar maraina inda aka zaunar da 'ya'yan marainan, aka rufe ramin gwaiwar. Ba a ƙara masa jini ba. Da yamma ya sha nono, washegari ya ci kunu, a rana ta uku aka sallame mu. Daren farko ya yi kuka sosai yana miƙewa, ma'aikaciyar jinya ta ce ragowar iskar da aka hura ce takan sa ciwo har zuwa kafaɗa, kuma ya lafa kafin kwana biyu. Jakar ta kumbura na kimanin mako guda. Yau tabon cibiyar ya ɓace a cikin lanƙwasarta, na gefen mara kuma sai an nema ake ganinsu. Likitan sa barci ma ta cancanci yabo, domin ta zo da daddare kafin aikin ta duba ƙirjinsa, ta yi wa matata bayanin cewa za a daina ba shi abinci awa shida kafin aiki, nono kuma awa huɗu, ta kuma ce, "Maman yaro, ke za ki riƙe shi har bakin ƙofa, ba za mu karɓe shi yana kuka ba." Haka kuwa aka yi.

Akwai kuma abubuwan da ba su yi mini daɗi ba, kuma ba ƙanana ba ne.

Na farko kuma mafi ciwo shi ne sirri. Washegarin aiki na farko, lokacin zagayen safe, wani ƙaramin likita ya tsaya a gaban gadon yaron da ɗalibai fiye da goma, ya karanta bayaninsa da ƙarfi. Da Turanci ya yi, amma a ɗakin da ke da gadaje goma sha biyu ba a rasa mai jin Turanci, kuma kafin azahar wata mai jinya a gadon kusa ta tambayi matata ko gaskiya ne ɗanta yana da mahaifa. Matata ta shiga banɗaki ta yi kuka. Na san asibitin koyarwa ne, na san lalurar ba kasafai ake ganinta ba, kuma ina son ɗaliban su koya, domin ɗaya daga cikinsu ne zai ci karo da irin wannan yaro a wani asibitin karkara nan gaba. Amma ana iya koyar da su a ɗakin taro da hoton da aka ɗauka, ba a kan uwa da ɗanta ba. Na kai kuka wurin babban likitan, ya ba mu haƙuri, kuma a kwanciya ta biyu ba a maimaita ba. Sai dai gyaran ya tsaya a kanmu ne saboda na yi magana, ban ga alamar cewa tsarin ya canza ba.

Na biyu, an ɗage aiki na biyu sau biyu. Karon farko an ce tukunyar iskar da ake hurawa ta ƙare, karo na biyu kuma wani aikin gaggawa ya shigo, wanda ba laifin kowa ba ne. Abin da na ga laifi a ciki shi ne a karon farko an bar yaro ɗan wata 17 da yunwa tun asuba har bayan la'asar kafin a gaya mana an fasa. Na'urar kyamarar guda ɗaya ce tak a sashen, kuma kayan aikin da suka dace da jikin ƙananan yara saiti ɗaya ne, saboda haka duk ranar da wani abu ya samu matsala, jerin masu jira gaba ɗaya ya tsaya. Duk wanda zai zo daga nesa ya shirya wa wannan, ya zo da guzurin kwanaki fiye da yadda aka gaya masa.

Takardar amincewa da aiki da Turanci take, kuma iri ɗaya ce da ta kowace tiyata, babu inda ta ambaci bututun maniyyi ko zaɓin cirewa da bari. Mu mun yi sa'ar likita mai haƙurin bayani. Uban da bai yi boko ba, wanda ya faɗa hannun likita mai gaggawa, zai dangwala yatsa ne a kan abin da bai sani ba, a kan al'amarin da ya shafi haihuwar ɗansa.

Sai kuma bibiya, wadda a wannan lalura ita ce rabin magani. Sauko da ɗan maraina yana taimaka masa saboda jaka ta fi cikin ciki sanyi da digiri biyu zuwa uku, kuma wannan sanyin ake bukata wajen samar da maniyyi, amma saukowar ba ta kawar da haɗarin ciwon daji gaba ɗaya, sai dai ta sa a iya taɓa shi a duba. Game da haihuwa, likitan bai yi mana alkawari ba. Ya ce da yawa daga cikin masu wannan lalura ba sa samun haihuwa, amma akwai waɗanda suka haifa, kuma duk wahalar da ya sha wajen kare bututun maniyyi domin a bar ƙofar a buɗe ne. Wannan yana nufin yaron yana bukatar a riƙa duba shi har ya balaga, har bayan balaga, tare da hoton ciki lokaci zuwa lokaci saboda ragowar bangon da aka bari. To amma a asibitin, duk zuwan da muka yi sabon likita muke tararwa, kuma sau ɗaya an nemi fayil ɗinsa an rasa har muka koma gida ba a gan mu ba. Sai da na nace kafin aka rubuta mini taƙaitaccen bayanin abin da aka yi, abin da aka cire da abin da aka bari, aka sa hannu da hatimi. A ganina bai kamata a sallami irin wannan yaro ba tare da wannan takarda ba, domin likitan da zai gan shi yana ɗan shekara 25 ba zai san komai ba sai abin da ke rubuce.

Idan wani uba ya tambaye ni ko ya kai ɗansa irin wannan sashe, zan ce ya kai shi, kuma ya gaggauta, musamman idan yaron yana da gwaiwa a gefe ɗaya, ɗan maraina kuma ya ɓace a ɗaya gefen, ko duka biyun ba su sauko ba. Mafi yawan irin waɗannan yara ba su da ragowar mahaifa, amma su ne rukunin da ake samunta a cikinsu, kuma gara kyamara ta fara gani kafin wuƙa. Ya tambaya ko likitan tiyatar yara ne zai yi aikin da kansa, ko zai dakata ya yi shawara da iyaye idan ya ga abin da bai zata ba, da kuma yadda zai kare bututun maniyyi. Ya nemi a ba shi hotunan da aka ɗauka daga allon, ya kuma roƙi a ɓoye bayanin ɗansa tun ranar da aka ba su gado, kada ya jira sai abin ya faru kamar yadda na yi.

Wata shida bayan aiki na biyu an auna 'ya'yan marainan da hoto, aka ce duka biyun suna cikin jaka kuma jini yana isa gare su, ko da yake na hagun ya ɗan fi ƙanƙanta. Takardar bayanin da hotunan suna cikin wata jaka a akwatin mahaifiyarsa, na kuma ajiye kwafinsu a wayata. Mun yanke shawara ni da ita cewa idan ya kusa balaga ni zan zaunar da shi in yi masa bayani da kaina, kafin ya ji daga bakin wani. Za mu koma asibiti a duba shi bayan ƙaramar salla.